Ƙofar Baniyan a Gidan Surukina

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, surukina kuwa ya riga mu. Kwana uku muna zaman makokinsa a gidanmu na unguwar Ruwais a Jidda, maza a kan kujerun da aka jera a lungu, mu mata a tsakar gida. Duk wadda ta zo sai ta fara tsayawa ta dubi wawakeken ramin da ke bango, inda a da ƙofa take, kafin ta dube mu. Tsohon bargo muka rataya a wurin, iskar teku tana ta kaɗa shi. Su shigo, su ce ya haƙuri, su karɓi gahawa da dabino, sannan a rage murya.

"Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne, wallahi. Allah dai ya yafe masa abin nan."

"Amin. Gara da aka fasa ta ma, kowa ya huta."

Gwaggo, ƙanwarsa, tana gefe tana jan carbi. Ni kuwa ina zuba gahawa ina share hawaye, ana cewa kukan rashi ne. Da rashin a ciki, amma rabinsa takaici ne. Mutum ya yi tsawon rai a unguwa, ya gyara wa kowa taga, ya yi wa yara allo, ya wanke gawarwakin iyayensu, a ce abin da za a tuna shi da shi kenan, "abin nan". Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko jikokinsa za su san wane ne kakansu. Sunansa ban taɓa faɗa ba yana raye, ba kuma yanzu zan fara ba. Baba nake ce masa, shi kuma Amarya, har na yi furfura a gidan.

Yana saurayi ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji. Ya yi shekaru a Sudan yana tsintar auduga, ya ƙetare teku, ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta a Jidda kafin ya koma. Hutun kenan. Ya kama aiki wurin wani kafinta a Balad, wato tsohon gari, suna gyaran tagogi da ƙofofin gidajen attajirai. Da aka fara rushe tsofaffin gidaje don a fitar da titi, sai ya tarar da leburori sun ciro wata ƙofa daga gidan wasu 'yan kasuwa Indiyawa Musulmi da suka tashi, za su faskara ta su dafa shayi. Ya roƙa aka bar masa. Ya ɗora ta a keken jaki, ya biyo ta a ƙasa har Ruwais, ya kafa ta a gidansa na bulo da langalanga. Unguwa ta sha dariya, wai ƙofar ta fi gidan daraja har da mutanen cikinsa.

Ƙyauren ba wani abu ba ne, katako ne kawai. Abin kallon shi ne katakan da suka kewaye shi. Baƙin itace ne mai nauyi da ake ce wa saj. Baba yana kiran na gefe ƙafafu, na sama goshi, na ƙasa kuwa dokin ƙofa kamar yadda kowa ke faɗa. Kowace ƙafa ta fi tafin hannu biyu faɗi, an sassaƙe ta layi cikin layi, ganye na bin ganye, da wata murɗaɗɗiyar igiya da za ka rantse ta kaba ce sai ka taɓa. A tsakiyar goshin akwai fure guda, ya ɗan fi sauran haske, wannan kowa ya san aikin hannun Baba ne. Sai dai ƙofar ba ta da faɗi, goshinta gajere ne, dokinta kuma ya kusa ƙwauri. Ranar da aka kawo ni, mayafi ya rufe min fuska, na yi tuntuɓe da na ƙasa na buga kai da na sama, 'yan rakiya suka kwashe da dariya. Washegari ya aiko Inna, uwar mijina, da saƙo: a gaya wa amarya, gidan nan sai an ɗaga ƙafa an sunkuyar da kai. Na ɗauka wa'azi yake min, na kwana biyu ina fushi. Ashe maganar katako yake yi.

Kowace Juma'a bayan hantsi yakan ɗauko tsumma da ɗan kwanon man riɗi ya bi sassaƙar nan lungu-lungu, don gishirin iskar Jidda ba ya barin komai. In ya gama ya zauna a kan dokin ƙofa ya miƙe ƙafa. Inna ta yi magana har ta gaji, wai ba kyau zama a nan, shi ko a jikinsa. In yaro ya zo wucewa da gudu sai ya kama hannunsa ya ɗora a kan ganyen, ya ce, "Taɓa ka ji. Wanda ya yi wannan bai yi sauri ba." Maganar ta zama tasa. In na kawo tuwo da gudaji a ciki, ba zai yi faɗa ba, sai ya leƙa kwanon ya ce da Inna, "Wadda ta yi wannan kam ta yi sauri." Ni ina bayan labule ina ji, kunya kamar in nutse.

Fitinar ta shigo ne ta hanyar alheri, abin da ke ƙara ɓata min rai kenan. Akwai wani tsohon tela Ba'indiye da ya zo hajji ya maƙale, ba iƙama, wato takardar zama, ba dangi. Wata rana ya bi ta lungunmu, ya ga ƙofar, ya tsaya cak. Ya shafa ta, sai hawaye. Baba ya shimfiɗa masa tabarma ya aika a kawo shayi. Cikin gurgun Larabcinsa telan ya ce irin ƙofofin garinsu ce, ta gidajen Baniyan, wato 'yan kasuwar Hindu. Ya ce a layin da ya tashi kowane gida da irinta, ba kuma biyu da suke iri ɗaya. Ya ce dokin nan mai tudu ba a taka shi, tsallakewa ake, ranar biki matan gidan su yi masa ado da jan gari. Sannan ya nuna furen Baba ya ce, daidai nan suke sassaƙa abin bautarsu, mai kan giwa, don ya tsare musu gida.

Maƙwabta biyu suna zaune a wurin. Kafin magariba magana ta kai bakin teku ta dawo: Malam kafinta ya rufe gunki da fure, kuma kullum ana sunkuya masa kafin a shiga gidan.

A lokacin Baba ne ke kiran sallah a ɗan masallacin unguwa, in liman ba ya nan shi ke ja. Dattawa suka zo har gida. Ina ɗaki ina jin komai.

"Malam, ba zarginka muke ba," in ji babbansu. "Ka cire furen nan mu gani, halas, shi ke nan, magana ta mutu."

"Tun yaushe kuke sallah a bayana?"

"An jima."

"To in sai kun leƙa bayan katako za ku san wa nake bauta wa, ku rama sallolinku. Furen nan ba zan cire ba."

"Ya shekh, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa ba na jin naku."

Suka tashi ba sallama. Daga ranar aka ba wani mutum aikin kiran sallah. Baba bai fasa zuwa masallaci ba, sai dai ya koma sahun baya kusa da takalma, can ya yi ta sallarsa har ƙafa ta gaza. Telan kuwa da ya ji abin da bakinsa ya jawo, ya zo yana kuka yana neman gafara. Baba ya ce masa ai gaskiyar garinku ka faɗa, zauna. Ya ci gaba da zuwa shan shayi a gindin ƙofar duk mako, har ranar da aka kama marasa takarda aka sa shi a jirgi. Baba ne ya bi shi da ƙullin kayansa da ɗan guzuri.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci waliyyi nake ba da labari. Baba yana da taurin kai da zai sa mutum ya ciji yatsa. 'Ya'yana suka fara dawowa daga makaranta da kuka, ana ce musu jikokin mai gunki. Wasu mata suka daina karɓar abincinmu na sadaka. Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa, ya yi ta fama da shi.

"Ya abuya, aib! Abin kunya ne, Baba. Mutane suna zaginmu a kan itace. Bari in kawo ta ƙarfe, kowa yanzu ita yake sawa."

"In ka gina naka gidan ka sa ta zinariya."

Maigidana, ƙanin Yaya, mutum ne mai gudun rigima, sai ya ɗauki takalmi ya fice. Da abin ya ishe ni, na yi abin da suruka ba ta yi. Na same shi ranar Juma'a yana shafa mai, na durƙusa nesa kaɗan, na ce, "Baba, don yaran nan. Ko sau ɗaya ka ɗaga furen a gani." Ya ci gaba da shafa mansa. Da ya juyo ya ce, "Amarya, har da ke?" Iyakar abin da ya faɗa kenan, ya koma kan tsummansa. Na shiga ɗaki na yi kuka, ina jin haushinsa ina jin haushin kaina. Har yau ina ganin da ya ɗaga furen nan da bai ragu da komai ba. Amma ya ga abin a matsayin a tsaya a bincike imaninsa kamar kayan fasinja, ya ce bai yarda ba.

Bai riƙe ni a zuciya ba. Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa, wanda ya shiga gidaje ya kwashe tabarmi, dokin ƙofar ya kwana cikin laka. Baba ya ce sai an cire ƙofar an ɗaga gindinta. Ya nemi 'ya'yansa, kowa ya ce yana da aiki. Sai na ji ya ce, "Amarya, zo riƙe min nan." A ranar na ga abin mamaki. Duk girman ƙofar nan ba ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinta. 'Yan ƙusoshin katako ne a kusurwoyi, a ɓoye cikin ganyen. Ya ɗauko wata 'yar gudumar itace, ya ƙwanƙwasa su ta ciki, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Goshi ya rabu da ƙafafu, ƙafafu suka rabu da doki, kafin ruwan shayin da na ɗora ya tafasa ƙofa tana jingine a bango gunduwa-gunduwa, bakin gidan ya buɗe har keken jaki zai shiga. Ya sa na gwada da hannuna. Ya ce masu ita fatake ne, sun san wata rana za a tashi, shi ya sa aka yi ta yadda za ta bi su. Da yamma ya so ya nuna wa Yaya, Yaya ya ce, "Ba'den, ya abuya, ba'den," wato sai an jima. An jiman ba ta zo ba.

Bayan rasuwar Inna jikinsa ya saki. Man ƙofar ma ni nake shafawa, yana zaune yana nuna min inda na tsallake. Wata Juma'a ya ce, "Amarya, ban tara komai ba, kin sani. Wannan ce kawai. Ta ƙetare teku ba ta karye ba, ta tsira daga masu shayi. In na tafi kada ku bari a fasa ta. In ta ishe ku, ku kwance ta ku ba wanda zai so ta." Na ce in sha Allah. Na gaya wa maigidana a daren, ya ce tayyib, wato to, ya juya ya yi barci.

Ya cika da hantsi, ranar wata Talata. Aka ce a yi sauri a samu sallar la'asar a babban masallaci, inda jama'a suka fi yawa. Aka aika a ɗauko makara. Tsohuwar makarar katako, wadda aka fitar da Inna a kanta ta wannan ƙofar lafiya lau, ashe an daina amfani da ita. Wani mai hali ya ba masallaci sabuwa ta ƙarfe, mai faɗi. Samari suka karkata ta a gefe suka shigo da ita tsakar gida, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin fita. Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, aka ɗora shi, aka lulluɓe. Aka ɗauka da kalmar shahada, aka zo ƙofa, makara ta ƙi wucewa.

Aka ja baya, aka sake gwadawa. Wani ya ce a ɗan karkata. Yaya ya ce ba za a karkata mahaifinsa kamar katifa ba, a nan kam ban ga laifinsa ba. Wani ya ce to a sauke shi a fitar da shi a tabarma, a mayar a waje. Sai wani tsoho daga cikin dattawan nan ya ce a'a, gawa in ta hau makara ba ta sauka sai a bakin kabari. Daga baya na tambayi masu ilimi, ba wanda ya san inda ya samo wannan. Amma a ranar ba mai musu da furfura. Sai na ji muryar Yaya: "Yalla, maza a kawo ƙarfe!"

Muna ɗaki mu mata, labule a sake. Na miƙe na kira maigidana, na ce masa ƙusoshin katako ne, a kusurwa suke, ta ciki ake bugawa, yanzu za ta kwance. Idonsa jawur ya ce, "Ya shekha, halas, ya isa! Yanzu lokacin katako ne?" Na ruga na ɗauko 'yar gudumar a ƙarƙashin gadon Baba, na miƙo ta ta gefen labule, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba a gidan, na ce Yaya, don Allah, ga guduma, ku bar ni in nuna muku. Wani daga waje ya ce a ba matar nan haƙuri, zafin rashi ne. Mata suka riƙe ni suna cewa in yi salati. Hannuna yana waje da guduma, ba wanda ya karɓa.

Saj ba ya karyewa da daɗi. Suka zura dogon ƙarfe, suka danna, suka kawo gatari. Baba yana ajiye a tsakar gida cikin rana, ana sara masa ƙofa a kansa. Bulo ya zube, ƙafar dama ta tsage tun daga sama har ƙasa, goshi ya faɗo ya dare biyu. Suna cikin haka aka kira la'asar, aka tayar, aka sallame. Sai bayan magariba aka yi masa sallah.

Da maza suka tafi na fito ina tsince guntaye. Furen Baba ya ɓalle ya faɗa gefe. Na juya goshin a hankali, don ni ma, in faɗi gaskiya, ban san me zan gani ba. Ba komai a wurin. Rami ne kawai, an kankare shi da gizago, ya yi baƙi ya yi sumul don tsufa. Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce haka ya same ta. Attajirin da ya fara kawo ta Jidda Musulmi ne, tun kafin a kafa ta a Balad ya sa aka cire siffar. Baba ya ga tabon ba kyau, ya ce an yi wa mai aikin rauni, ya sassaƙa fure ya rufe. Ta ce ya rantsar da ita kada ta faɗa, wai wanda ya san shi ba ya bukata, wanda bai san shi ba kuma ba ruwansa.

Na ɗauki ɓarin goshin nan mai rami na jingine shi a bakin shiga, ramin yana kallon duk mai shigowa. Na yi ta nuna wa masu gaisuwa. Wasu suka kau da kai. Matar dattijon nan da ya jagoranci zuwa gidanmu ta sunkuya ta duba da kyau, ta ɗago ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ya kankare kafin ya cika. Allah ya karɓi tubansa." Na ce Hajiya, dubi baƙin ramin, ya girme ni ya girme ki. Ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, kowa da nasa kuskuren. A nan na bar magana, na koma kan gahawa.

Guntayen suna ƙarƙashin gadona da 'yar gudumar. Na kai wa kafintoci biyu, duka sun ce ba ta haɗuwa. Yaya ya zo ya tsaya gaban ramin goshin ya daɗe yana kallonsa, ya fita. Bayan sadakar bakwai ya kawo ƙofar ƙarfe, koriya, mai faɗi da tsawo, ba doki ba tudu, ko raƙumi zai shige. Aka kafa ta aka shafe da siminti.

Ina tsakar gida ina tankaɗe ya dawo daga sallamar magina. Ya turo sabuwar ƙofarsa, ya ɗaga ƙafa sama ya tsallake abin da babu, ya sunkuyar da kai. Sai da ya shigo ya ankara. Ya tsaya a nan, babban mutum da gemu, ya dafa ƙarfen ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ban ba shi haƙuri ba. Na ci gaba da tankaɗena.

Allah ka yalwata wa Baba makwancinsa, ka haɗa shi da Inna, ka buɗe masa ƙofar da ba mai tsayar da shi a bakinta ya ce sai ya leƙa.